Filin Tambayi Ungozoma: Jaririna na rigima a nono, na haɗa masa da madarar gwangwani

Tambaya: Assalamu alaikum. Jaririna ɗan sati 7 ne. Kullum daga la'asar har bayan isha'i sai kuka, ya kama nono ya saki, ya banƙare, ya sake nema. Surukata ta ce nonon ne ba ya isarsa, sai muka fara ba shi madarar gwangwani ta jarirai a fida sau 3 a yini. Yanzu ji nake nonon ya ragu, ba ya cika kamar da, ni kuma ba na son ya daina sha. Yaya zan yi? Daga wata mai jego, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya shi.

Ba kowane kuka ne na yunwa ba. Jarirai da yawa rigimarsu kan yi tsanani wajen sati 6, musamman da yamma, ta lafa a wata na 3 zuwa na 4. Laushin nono a wannan lokaci ma ba alamar ƙarewa ba ce, jiki ne ya gane gwargwadon abin da yaro ke sha. Abin da zai gaya miki gaskiya abu biyu ne: fitsari da sikeli. In yana jiƙa kunzugu sau 6 ko fiye a yini da dare, fitsarin ba rawaya sosai ba, kuma nauyinsa na ƙaruwa da kamar giram 150 zuwa 200 a sati, to yana ƙoshi. Ki riƙa kai shi awo, a rubuta a katinsa.

Amma raguwar da kike ji tana iya zama gaskiya. Nono yana zuwa ne daidai yadda ake fitar da shi, kamar rijiya mai ƙara ɓuɓɓuga in ana ɗiba. Duk sa'ar da fida ta maye gurbin nono, nonon ya jima a cike, jiki sai ya ɗauka ba a buƙata, ya rage. Ga shi kuma fida na zubo madara ba wahala, yaro ya saba, in ya dawo nono ya ji sai ya yi aiki, sai ya fusata.

Don haka nono ne farko a kowane shayarwa, sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Kada ki jira ya ɓarke da kuka. Da ya fara tsotsar hannu ko juya kai yana nema, ki ɗauke shi. Ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki sauya masa ɗayan, don mai maiƙon yana ƙaruwa ne yayin da nonon ke saki. In tsotsarsa ta yi sanyi, ki matsa nonon da tafin hannu ya zubo masa. Shan dare kada ki bar wa fida, domin sinadarin da ke sa jiki haɗa nono ya fi yawa da dare. In kuwa dole aka ba shi madara ba ki kusa, ki tatse nonon na minti 15 zuwa 20 a madadin wannan shan.

Ki duba kamunsa. Bakinsa ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa na taɓa nono, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nono, cikinsa na manne da naki. In kan nonon kawai yake tsotsa, zai ji miki ciwo, ya haɗiyi iska, ya tashi bai ƙoshi ba. Idan ya banƙare, ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki rungume shi fata da fata, ko ki goya shi ki zaga tsakar gida.

Madarar kada ki yanke ta rana ɗaya. Ki ba shi bayan nono, kuma mun fi son ƙaramin kofi a kan fida, ya fi sauƙin wanki. Ki rage mil 30 zuwa 50 daga jimillar ta yini, ki jira kwana 3 kina lura da fitsari, sannan ki sake ragewa. Wajen haɗawa, ki tafasa ruwa, ki bar shi ya huce bai wuce minti 30 ba, ki fara zuba ruwan sannan garin, da cokalin cikin gwangwanin, a shafe ba tozo, daidai awon da aka rubuta. Kada tsada ta sa ki tsinka ta da ruwa, yaro zai rame. Abin da ya rage a zubar, zafin Sakkwato ba ya barin madara ta jira.

Ke kuma ki ci ki ƙoshi, ki sha ruwa duk sanda kika ji ƙishi. Kunun gyada, fura da zogale abinci ne masu kyau, sai dai ba za su yi aikin tsotsar yaro ba. Kunun kanwa ki yi hattara da shi, gishirinsa na wahalar da zuciyar mai jego. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, ki nuna wa ma'aikaciyar lafiya, wasu na rage nono.

In jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi shan komai, ko maɗigarsa ta loɓa, ko yana amai kore ko kashi da jini, kada ki kwana da shi a gida. Ki kai shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Tambaya: A zafin bazara, zan iya ba 'yata 'yar wata 2 ruwa? Daga wata uwa, Runjin Sambo.

Amsa: A'a, uwar ɗiya, sai ta cika wata 6. Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwa zai cika mata ciki ta rage tsotsa, kuma yana iya jawo gudawa. In zafi ya yi yawa, ki ƙara yawan ba ta nono, ruwan kuma ke za ki sha.