Likita, yarana sun nace sai an saya masu farin karen nan mai murmushi

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni uku ne suka shigo kan kare iri ɗaya, shi ya sa na haɗa su wuri guda, masu tambaya kan kaji da tumaki ku yi mani haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni uwar yara uku ce muna zaune a Malali. Yaran nan sun ga wani farin kare a TikTok mai gashi buzu-buzu kamar auduga, bakinsa kamar yana murmushi, wai Samoyed sunansa, tun ranar ba su bar ni na huta ba, babansu ma har ya yi masu alkawari in sun ci jarrabawa. Wani ya ce zai kawo mana kwikwiyo daga Abuja. Don Allah yana da kirki da yara? Kuma zai iya zaman Kaduna?

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki biya kuɗi, yawanci sai kare ya kwanta ciwo ake nemanmu. Maganar kirki kam yana da shi. Asalinsa daga Saberiya ne can arewacin Rasha, wajen wata ƙabila da ake kira Nenets, makiyaya ne kamar Fulaninmu sai dai su wata irin barewar ƙanƙara suke kiwo. Karen shi ke taya su kora garke, shi ke jan kaya a kan ƙanƙara, da dare kuma ya kwana cikin tanti da yaransu yana ɗumama su, to kin ga inda ya samo son mutane. Sai wajen 1889 wani Bature Ernest Kilburn-Scott ya kai shi Ingila, daga nan ya bazu duniya. Murmushin nan ma da yara suka gani halitta ce, gefen bakinsa ne ya ɗan lanƙwasa sama, ana cewa hakan ke hana yawu zuba ya daskare masa a fuska.

Amma Hajiya tambayarki ta biyu ita ce ke damuna. Inda aka halicci karen nan sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi cunkus kamar bargo, na waje dogo mai kare ruwa da iska. Ki ɗauka an sa miki rigar sanyi biyu aka ce ki zaga Kasuwar Barci da azahar a watan Afrilu, kuma ba dama ki cire. Kin san Kaduna a Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 35, shi kuma kare ba ya gumi kamar mu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, ya lallage harshe. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin 38 ne da 39, in ya haura 41 ƙoda da ƙwaƙwalwa sun shiga haɗari kuma abin ba ya ɗaukar lokaci. Wallahi na taɓa karɓar irinsa an kawo shi a bayan mota bayan an ɗauke wuta tun hantsi, yaron gidan na riƙe da shi yana kuka, mun yi iya yinmu amma an makara, har yau in na tuna fuskar yaron nan sai raina ya ɓaci.

To in kun dage sai shi, ki zauna da maigida ku yi lissafi na gaskiya. Akwai ɗaki mai tayil da esi ko aƙalla fanka mai ƙarfi da zai wuni ciki daga hantsi zuwa bayan la'asar? In an ɗauke wuta akwai sola ko janareto, kuma za a yarda a ƙona mai saboda kare? Waye zai fita da shi yawo bayan asuba da bayan isha'i, don kare ne na aiki yana son motsa jiki kamar awa guda kullum, in aka bar shi shi kaɗai haushi zai yi ta yi ya tone maki fulawoyi ya tauna takalma har maƙwabta su fara sallama. Ga taje gashi sau biyu ko uku a sati, lokacin da yake zubar da na ciki kuwa, sau ɗaya ko biyu a shekara, kullum ne, za ki ga farin gashi a kujera, a kan kafet, har a hijabi. Farin nan da kika gani a bidiyo jar ƙurar hunturu da taɓon damina ba za su bar shi haka ba, in kuma aka yi masa wanka dole a busar har fata in ba haka ba gyambo ya fito a ƙarƙashi ba wanda ya gani. Kaska ma tana son irin wannan gashi don nan take ɓuya.

Sannan ba zai tsaya ɗan mitsitsi ba fa, namiji yakan kai kilo 20 zuwa 30, kuma yana rayuwa shekara 12 zuwa 14. Yaron da yake aji uku na firamare yanzu zai tafi jami'a karen na nan, kin san a kan wa aikin zai faɗo. Ki kuma yi hattara da masu sayarwa, ƙananan fararen karnukan nan da ake kira Eskimo suna kama da shi sosai in suna jarirai, akan sayar da su da sunan Samoyed a ninka kuɗi, don haka ki ce sai kin ga uwar da idonki da katin allurar rigakafi, kuma kar a raba shi da uwa kafin sati 8. Su Samoyed ɗin suna da cututtukan gado kamar matsalar ƙugu, ciwon suga, da wani ciwon ƙoda da ya fi kama maza, mai kiwon kirki ba zai ɓoye maki tarihin iyayen ba.

Ni dai in kin bi tawa, kar a saya. A zaunar da yaran a nuna masu taswira su ga inda karen ya fito, yara na da tausayi fiye da yadda muke zato, in suka gane zai wahala za su haƙura. Kyanwa ko zomo sun ishe su koyon kula da dabba.

TAMBAYA: Likita ni na riga na saya, watansa 8, ina Barnawa. Tunda zafi ya shigo sai kwanciya a banɗaki yana haki, abinci ma ya rage ci. Abokina ya ce in kai shi a aske shi tas da kilifa. In yi?

AMSA: Ɗan'uwa kar ka aske shi, don Allah. Na san da ido kamar taimako ne amma gashin waje shi ke tare masa rana, fatarsa fara ce mai ja-ja, ka aske rana ta ƙona shi, ƙuda da sauro su samu hanya, kuma sau da yawa gashin ba ya dawowa daidai. Abin da za ka yi, ka samu burushi da matajin ƙarfe mai dogayen haƙora ka riƙa fitar da mataccen gashin ciki kullum har iska ta riƙa kai wa fata. Banɗakin da yake kwanciya sanyin tayil yake bi, ka bar shi, ka sa masa fanka da ruwa mai sanyi a kwano biyu, abinci kuma ka mayar da shi sassafe da dare.

Amma rage cin abincin nan kar ka ɗora wa zafi kawai. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi, in ya yi fari fat ko rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, zazzaɓin kaska ne muke zargi, sai an ɗebi jini an auna. Ka kai shi asibitin dabbobi a nan cikin gari, in abin ya yi tsanani akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya. In ko wata rana ka ga haki ya yi yawa, yawu na dalala, yana tangaɗi ko amai, maza ka kai shi inuwa ka zuba masa ruwan famfo mai sanyi a kan cikinsa da hammata da ƙafafu, ka sa fanka, kar ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul don yana riƙe zafi, sannan ku kama hanyar asibiti ana ci gaba da jiƙa shi. Kar ka ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane, yana iya kashe shi.

Tunda ba ka faɗi me yake ci ba bari in ƙara, ragowar miya da dafa-duka akwai albasa da tafarnuwa kuma suna lalata jinin kare, haka inabi da cakulan da goro duk guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Ka duba katinsa, allurar ciwon haukan kare ana yi yana wata 3 sannan a maimaita duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ma tana haɗa ruwan allurar a nan gida. In ya ciji wani ko da wasa ne a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a tafi asibiti.

TAMBAYA: Malam likita, zai yi gadin gida? Kuma ya hukuncin ajiye shi ga Musulmi? Daga Tudun Wada.

AMSA: Malam gadi kam a'a. Haushi yana da shi da yawa, zai sanar da kai an taɓa ƙofa, amma baƙo na shigowa zai tare shi da kaɗa wutsiya ko waye, haka halinsa yake. Fatawa kuwa ta malamai ce, ka je wajen malaminka, amma abin da muka taso muna ji a karatu shi ne hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama suka haɗa da na tsaron gida in akwai buƙata, akwai kuma hadisin cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, duk da a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne. To ka ga inda gizo ke saƙar, shi wannan ba mai gadi ba ne, kuma ba ya jure zama nesa da mutane, cikin ɗaki yake so a ƙasar da ma zafinta ya fi ƙarfinsa. Wanda ba zai shigar da shi ɗaki ba ƙarshenta sai ya ɗaure shi da sarƙa a keji mai rufin kwano a bayan gida, ni kuma wannan ne ba na so in gani, dabba ce mai rai da za a tambaye ka a kanta.

In tsaro kake nema ka samu karen gida irin namu mai gajeren gashi, wanda mafarauta ke yawo da shi, ya saba da ranarmu, ba ya yawan ciwo, ga kunne. Ka yi masa rumfa mai inuwa a tsakar gida, ruwa kar ya yanke, a yi masa allura da maganin tsutsa da na kaska a kan lokaci, da dare ka sake shi ya zaga.