Alhaji, a cikin shuɗin nan wanne ne shinkafa?

Tambaya: Ina sayar da kayan masarufi a kan sari a Kasuwar Singa da ke Kano, kuma ina neman rancen banki don ƙara jari. Ɗan yayata mai karatun kwamfuta ya zana mini cinikin kayana iri 14 a zagaye guda, yanka-yanka kamar kankana. Ya ce launukan daga zanen wani Bature ne mai suna Van Gogh, kuma da irin wannan har masu zuba jari na ƙasar waje za mu samu. Yana neman naira dubu 60 ya ƙara yin wasu. In ba shi?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Na buɗe hoton da ka turo, na nemi shinkafa na rasa. Shuɗi har kala biyar ne a jere, taliya da sukari kuwa sai na ƙura ido sosai kafin na raba su. Kuskurenka ɗaya ne: ka karɓi lissafin dukiyarka daga hannun yaro ba ka karanta ba, don ɗan 'yar'uwarka ne kuma abin ya burge ka. Kai da ko katan ɗin madara ba ka karɓa sai ka buɗe ka ƙirga.

Zanen da ya ɗebo launukan shi ne na dare mai taurari, wanda Van Gogh, ɗan ƙasar Holan, ya yi a 1889 a kudancin Faransa. Yawancinsa shuɗi ne da ruwan ɗorawa. Mai zane yana son launi ya narke cikin ɗan'uwansa, kai kuma so kake ido ya raba man gyaɗa da sabulu a kallo ɗaya. Ka leƙa marinar Ƙofar Mata ka ga yadda ake tsoma zane a baba sau da yawa, daga shuɗi mai haske har ya koma kusan baƙi. Wannan jerin ya dace da nuna kaɗan da yawa na abu guda, misali cinikin shinkafa daga wata zuwa wata. Kaya mabambanta kuwa, kowanne sai da kalarsa da ba ta yi kama da ta maƙwabcinsa ba.

Ba wai aro daga masu zane laifi ba ne. Akwai tarin launuka mai suna MetBrewer da aka ciro daga zane-zanen wani babban gidan tarihi na New York, amma ko a can an ware waɗanda masu matsalar gane launi za su iya karantawa. A tsakanin Turawa kusan namiji 1 cikin 12 yana da wahalar raba ja da kore. A wajenmu ba su kai haka ba, amma akwai su, kuma ba ka san wanda zai duba takardarka ba. Jerin launukan da masana biyu 'yan Japan, Okabe da Ito, suka tsara don irin waɗannan idanu, launi 8 ne kacal. Launi kaɗan ma ya isa: ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale da launi uku ta nuna wa hukumomin Ingila a 1858 cewa cuta ta fi raunin yaƙi kashe sojojinsu a yaƙin da suka yi da Rasha a yankin Kirimiya.

Na taɓa raka wata Hajiya mai atamfa wani banki. Ƙaninta ya yi mata irin wannan kwalliya. Ma'aikacin ya ɗauki kwafi baƙi da fari, komai ya dawo ruwan toka. Da muka koma kan na kala, sai ga kore a shafin Janairu leshi ne, a na Fabrairu shadda. Ita kanta ta riga ta ruɗe, ta saro leshi dila biyu tana zaton shi ke tafiya. Kayan suka yi watanni a shago, rancen kuma bai fito ba.

Maganar masu zuba jari na ƙasar waje, don Allah ka ajiye ta. Ma'aikacin banki bayanan asusunka zai fara nema, sai littafin ciniki na wata shida zuwa shekara, da bashin da kake bi da wanda ake bin ka.

Ka zaunar da yaron a shago da littafin a gabanku. Ka zaɓi kaya biyar da suka fi kawo riba, sauran tara a haɗe su a ruwan toka. Ya yi sanduna maimakon zagaye, ya rubuta sunan kaya da kuɗinsa a gefen kowace sanda. In shinkafa ta ɗauki shuɗi, shuɗi za ta zauna a kowane shafi. Sannan a buga baƙi da fari, ka miƙa wa yaron shagonka ka ce ya nuna maka sukari. In ya nuna nan take, kuma alƙalumman sun yi daidai da littafinka, ka biya ɗan yayarka dubu 15 ko 20 na aikinsa.