Gidan hodar kakata mai tambarin Stratton: tsoho ne, kuma in goge shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wani gidan hoda na ƙarfe mai ruwan zinare daga kakata, da madubi a murfinsa, an rubuta "Stratton England". Yaya zan gane shekarunsa? Zan iya goge shi da Brasso ya dawo sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Don Allah ajiye Brasso tukuna. Yawancin waɗannan gidajen hoda tagulla ce aka yi wa ruwan zinare, aka bi da wani siririn shafi mai sheƙi. Man goge ƙarfe irin Brasso yana cinye shafin nan, sai ki ga tagulla ta leƙo, kuma ba ya gyaruwa. Ƙyalle mai laushi, busasshe, ya isa. Ruwa ma ki kiyaye shi, musamman a gefen madubi: da ya kutsa bayan gilashin sai baƙaƙen ɗigo su fito.

Kamfanin Stratton kuwa na Birmingham ne a Ingila, sun fara ƙera gidajen hoda a shekarun 1920. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rusa akasarin masana'antunsu a 1940, bayan yaƙin suka farfaɗo, har zuwa 1997 da aka daina ƙera su a garin.

Ga gwajin da za ki yi da hannunki. Buɗe babban murfin, ki tura shi baya a hankali. Idan ƙaramin murfin ciki ya ɗago da kansa, to bai girmi 1948 ba, don a shekarar ce suka fito da wannan dabara, domin kada mace ta karya farce wajen ɓamɓare shi. Duba kuma ko akwai 'yar rariya ta yadi a ƙarƙashinsa, wadda ke tace garin hoda. Daskararriyar hoda ta yaɗu ne bayan kamfanin kayan kwalliya na Max Factor ya fitar da tasa mai suna Creme Puff a 1953, daga nan aka riƙa yin gidajen da ke ɗaukar iri biyun.

Kada ki sa rai da kuɗi mai yawa, an ƙera su da ɗimbin yawa. Masu tara irin waɗannan tsofaffin kaya sun fi neman wanda madubinsa na asali ne, maɓallinsa na kamawa, sosonsa da rariyarsa da jakarsa duk suna nan. A ganina ɗan tabon tsufa ya fi sabon madubin da aka liƙa daga baya.

Ragowar hodar ciki kuma kada ta taɓa fuskarki. Kakkaɓe ta da busasshen burushi mai laushi, ki adana gidan inda laimar damina ba ta kaiwa.