Naɗin kirfa kafin yara su tafi makaranta, ba yis ba oben

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni uwa ce mai yara huɗu, a Ɗorayi nake. Kwanakin baya maƙwabciyata ta aiko mana da irin naɗaɗɗen burodin nan mai kirfa da sukari a ciki, wanda ake kira sinamon rol, tun daga ranar yara suka sa ni a gaba. Na gwada sau biyu. Karon farko na zuba kirfa da yawa a cikin kwaɓin don ya yi ƙamshi, sai ya ƙi tashi. Karo na biyu ya tashi, amma sai wajen ƙarfe tara na sauke, yara sun daɗe da tafiya. Ba ni da oben, gas mai kai biyu gare ni. Akwai yadda zan yi shi da safe a ci kafin bakwai da rabi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana yaran. Akwai hanya, kuma minti arba'in ya ishe ki daga ɗauko roba zuwa saukewa. Sharaɗin ɗaya ne: ki ajiye yis gefe, ki ɗauki baƙar hoda, wato farar hodar nan da ke kumbura kek.

Bari in fara da abin da ya same ki, domin ba laifin hannunki ba ne. Yis abu ne mai rai. Sai ya ci sukarin da ke cikin kwaɓi sannan ya saki iskar da ke kumbura shi, kuma ba ya gaggawa. Naɗin kirfa na asali tashi biyu yake buƙata, ɗaya bayan kwaɓi, ɗaya bayan an naɗe an yanka, kowanne kusan awa guda. In sanyin hunturu ya sauko Kano, ya fi haka. Wanda ya idar da sallar asuba sannan ya fara kwaɓi da yis, dole ya kai tara. Shi kuma kwaɓin farko da ya ƙi tashi, kirfar ce ta danne shi. Man da ke ba ta ƙamshi da ɗan zafin nan a harshe yana hana ƙananan halittu irin yis sakewa, in ya yi yawa. Shi ya sa masu gasa burodi suke shimfiɗa ta a tsakiyar naɗi, ba sa cuɗa ta da fulawa. Mutanen Siwidin, waɗanda suka ware ranar 4 ga Oktoba ta kowace shekara tun 1999 don wannan burodi, su ma kirfarsu a cikin shafin tsakiya take zama.

Baƙar hoda ba ta jira. Da ta haɗu da ruwa ta fara aiki, da ta ji zafin wuta ta ƙarasa. Abin da za ki samu ba zai yi jan nan na burodin yis ba, wanda in an ɓare shi yake miƙewa kamar auduga. Zai fito da taushi mai ɗan rugurgujewa, tsakanin kek da burodi. Na faɗa miki ne don kada ki ga bambanci da na maƙwabciyarki ki ɗauka kin ɓata. Da ɗuminsa, da shayi a gefe, ni na fi son sa ma.

Kafin ki fara, ki gwada hodar taki. Ki zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi. In ya yi kumfa nan take, tana da rai. In ya kwanta shiru, ta mutu, musamman wadda ta sha damina a gwangwani buɗe. Kada kuma wani ya ce miki ki maye ta da kanwa. Ƙarfin kanwa ba ya aunuwa, kuma za ta bar miki ɗaci da launin ɗorawa a kwaɓin.

Awon kwaɓin shi ne fulawa kofi 2, wato kusan giram 250. In da gwangwanin madara na ruwa kike awo, gwangwani 3 ke nan. Sai baƙar hoda ƙaramin cokali 2 da rabi, gishiri rabin ƙaramin cokali, sukari babban cokali 2, bota babban cokali 4, da madara gwangwani ɗaya da ɗan ƙari. Madarar gari da aka dama da ruwa ta wadatar. Wannan zai ba ki guda 10, ya ishi gidanku har da na maigida.

Ki tankaɗe fulawar da hodar da gishirin wuri guda, ki zuba sukarin. Sai ki sa botar ki riƙa murtsuke ta da kan yatsu har fulawar ta koma kamar garin rogo mai tsaki-tsaki. A nan zan tsaya, domin nan ne mata da yawa suke rasa taushin. Hannunmu ya saba da kwaɓin fanke da na alkubus, wanda ake bugawa har ya yi danƙo, da na cincin da ake murzawa da ƙarfi. Wannan kwaɓin ba ya son ko ɗaya. Duk bugun da kika yi wa fulawa mai ruwa, danƙonta ƙaruwa yake yi. Yis yana da awa biyu da zai tura wannan danƙon a hankali, ita kuwa hoda minti kaɗan gare ta, in ta tarar da kwaɓi ya ɗaure ba za ta iya ɗaga shi ba, sai ki sauke abu mai tauri. Don haka ki zuba madarar, ki juya da cokali har garin ya haɗe, ki juye a faranti ko tebur da kika barbaɗa wa fulawa, ki ninka shi sau takwas ko goma, ki cire hannu. Zai yi miki kamar bai gama haɗuwa ba, fuskarsa da ɗan kaushi. Haka ake so.

Zafin gari ma yana da nasa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Kano ke kaiwa digiri 40, bota tana narkewa a hannu kafin ki gama murtsukewa, tunda ita ba ta wuce digiri 35 ba tare da ta saki jiki ba. A irin lokacin ki dama madarar da ruwan sanyi, ko na randa ne, kuma ki yi sauri. Da hunturu kuwa fulawa ta bushe, tana shan ruwa fiye da kima, sai ki ƙara madara cokali ɗaya ko biyu, ki kuma rufe kwaɓin da tsumma mai laima in za ki juya baya, don iskar tana tsattsaga shi.

Yanzu shafin ciki, wanda shi ne ran abin. Turawa sukari mai ruwan ƙasa suke sawa, wanda yake ɗauke da baƙin ruwan rake. Kada ki wahalar da kanki neman sa a manyan kantuna. Mazarƙwaila tamu tana maye gurbinsa, har ta fi shi ƙamshin rake. Ki sayi dunƙule ɗaya, ki goge ta da magogin kuɓewa ko ki daka a turmi, ki auna rabin kofi. Ki duba ta da kyau kafin ki zuba, wani lokaci akan samu ɗan tsakuwa ko ɓawon rake. Ki gauraya ta da garin kirfa ƙaramin cokali 2 da ɗan gishiri kaɗan a kan yatsa. In farin sukari kawai kike da shi zai yi, sai dai ba zai ba ki wannan danƙon mai kama da alawa ba, wanda yara suke lashe yatsu a kansa. Ranar da nake son rage zaƙi, nakan jiƙa dabino guda 10 a ruwan ɗumi tun dare, in cire ƙwallon, in dame shi ya zama shafi. Da kirfa suna tafiya sosai.

Ki barbaɗa fulawa, ki murza kwaɓin da abin murji, ko kwalba mai tsafta, ya yi faɗi mai kusurwa huɗu, tsawonsa kamar santimita 30, faɗinsa 20, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba. Ki shafe shi da bota babban cokali 3 mai laushi. Mai laushi na ce, ba narkakkiya ba, domin narkakkiya tana tsiyayewa ta tafi da sukarin gindin faranti ya ƙone. Ki barbaɗa haɗin mazarƙwailar, ki bar ɗan baki ɗaya fili, ki danna da tafin hannu ya zauna. Sai ki naɗe ta ɓangaren tsawo kamar yadda ake naɗe tabarma, ki tsunkule bakin ya manne.

Wajen yanka, ki ajiye wuƙa. Ki ɗauko zaren ɗinki, ki zura shi ta ƙarƙashin naɗin, ki gicciya bakinsa biyu a sama, ki ja. Zai ratsa tsaf, ki ga zanen kirfar ya fito zagaye-zagaye kamar faifai. Wuƙa danne shi take yi ta matse zanen. Kowane yanki ya kai kaurin yatsa biyu.

Batun rashin oben kuwa, garin da ake gasa gurasa a tanderu tun kaka da kakanni ba zai rasa dabarar gashi ba. Ki samu tukunya mai faɗi mai kauri wadda murfinta ke zama daram. Ki zuba wankakken yashi busasshe ko gishiri a gindinta, zurfin yatsa biyu, ki ɗora gwangwani uku marasa fenti ko ƙananan duwatsu. Tun kafin ki taɓa fulawa ki ɗora ta a wuta a rufe, ta yi minti 10 tana ɗaukar zafi. Wannan shi ne abin da ba a tsallakewa. Kwaɓin hoda in ya shiga tukunya mai sanyi, iskarsa tana ficewa kafin jikinsa ya kama, sai ya baje. Ki shafa wa farantin silba bota, ki jera naɗin suna ɗan taɓa juna, don maƙwabtakar tana sa su tashi sama maimakon su buɗe. Ki ɗora farantin a kan gwangwanayen, ki rufe, ki mayar da wuta tsaka-tsaki. Kada ki buɗe sai bayan minti 15. Daga 20 zuwa 25 ya gasu. Hancinki zai riga agogo sanar da ke: ƙamshin kirfa zai cika tsakar gida, in kuma kika ji ya fara komawa ƙauri, wutar ta yi yawa. Ki soka tsinke a na tsakiya, in ya fito ba ɗanyen kwaɓi, ki sauke. Saman ba zai yi ja sosai kamar na oben ba. Mai girki da gawayi ta fi ki sa'a a nan, don tana iya zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Mai oben kuwa ta sa digiri 200, minti 18 zuwa 20.

Don safiyar ta yi miki sauƙi, ki raba aikin. Bayan isha ki haɗa fulawa da hoda da gishiri da sukari, ki murtsuke botar, ki rufe. Ki goge mazarƙwaila ki haɗa da kirfa a wani kofin. Madarar kawai za ki bari, domin da ta taɓa hodar agogo ya fara. Da asuba ki ɗora tukunya a kai ɗaya, ruwan shayi a ɗayan. Kafin tukunyar ta yi zafi kin naɗe kin yanka. Yayin da yake gasuwa ki shirya yara. In kin fara shida da kwata, bakwai saura yana kan faranti.

Ranar da aka makara gaba ɗaya, burodi mai yanka-yanka zai fitar da ke. Ki yanke gefensa, ki murza shi da kwalba ya yi fale-fale, ki shafa bota da haɗin kirfar, ki naɗe, ki juya shi a kasko da ɗan bota a kan ƙaramar wuta har ya yi ja. Minti 10 ne.

Sauran magana kan ita kirfar, wadda wasu ke kira girfa. In kin je wajen masu kayan ƙamshi a Kurmi ko kasuwar Rimi, ki sayi sandarta ki daka da kanki, ki tankaɗe da rariya mai laushi. Garin da ya daɗe a leda cikin rana ƙamshinsa ya tafi. Iri biyu ne a duniya. Akwai ta Siri Lanka, ɓawonta siriri ne, naɗi-naɗi da yawa a cikin sanda ɗaya, tana marmashewa a hannu, ƙamshinta a hankali yake. Akwai kuma mai kauri, ja mai duhu, mai tauri, wadda ke fitowa daga Sin da Indunusiya da Biyetnam. Ita ce aka fi samu, ita ce mai araha, kuma ƙamshinta ya fi jure wuta, don haka ta dace da wannan gashin. Sai dai tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin, wanda yawansa kullum yana wahalar da hanta. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakarsa a miligiram 0.1 kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, ke nan ƙaramin yaro nasa kason kaɗan ne. Ƙaramin cokali 2 da aka raba wa naɗi 10, ana ci sau ɗaya ko biyu a mako, ba abin damuwa ba ne. Abin da nake jan kunne a kai shi ne tula ta da babban cokali kowace safiya, a burodi a shayi a kunu, da sunan magani.

Naɗin hoda ba ya kwana da daɗinsa kamar na yis, don haka ki yi daidai cin safiyar. In ya ragu, ki rufe shi a roba, washegari ki yayyafa masa ruwa kaɗan ki ɗumama a kasko a rufe na minti 3. Wanda za ki sa wa yara a kwanon makaranta kuma, ki bari ya huce tukuna, don in kin rufe shi da zafinsa tururin zai jiƙe shi kafin a fita tara.