Wa zai riƙe yaran idan ta Allah ta kasance?

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na lura da nauyin bakin da ka yi kafin ka fito da maganar. Ka tambaya: idan ta Allah ta kasance a kanka da mai ɗakinka kuna can Ingila, wa al'ada ta ba wa riƙon 'ya'yanku, kuma ko ya dace mutum ya tsara wannan tun yana raye? Ya dace ƙwarai, domin rubuta wasiyya bai taɓa jawo wa kowa ajali ba.

Abin da muka taso muka tarar shi ne, bayan sadakar bakwai ko ta arba'in, dangin uba su zauna a zaure su raba marayu a tsakaninsu. Akwai zumunci a ciki, amma na ga ɗacinsa da idona a gidan wani maƙwabcinmu, ranar da goggo ta zo tafiya da babbar 'yar, ƙaninta ya ƙanƙame mata zane yana kuka har sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ba su sake kwana ɗaki ɗaya ba.

Mutane da yawa suna zaton wannan rabon shi ne shari'a, alhali a mazhabar Malikiyya, kamar yadda muka karanta a Risala, reno bayan uwa yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a waiwayi dangin uba, har namiji ya balaga, mace kuma ta yi aure ta tare. Dukiyar maraya kuwa tana hannun wasiyyin da uba ya naɗa, idan babu shi sai wanda alƙali ya zaɓa. Ni da nake baffanka ban da ikon taɓa ta don kawai ni babba ne.

A inda kuke, babu wanda zai jira zaman zaurenmu. Idan ba ku bar komai a rubuce ba, ma'aikatan kula da yara na ƙaramar hukuma ne za su fara ɗaukar su, wataƙila su ajiye su a gidan da ba a san salla ba, mu kuma muna nan muna fafutukar biza. Dokar yara ta 1989 ta ba iyaye damar naɗa mai riƙo a rubuce, da kwanan wata da sa hannu, ko a cikin wasiyya mai shaidu biyu, kuma riƙon yana ƙarewa idan yaro ya cika shekara 18. Ku je wurin lauya tare, ku ambaci mutum biyu: wani amintacce da ke kusa da ku wanda zai karɓe su a daren farko, da wanda zai riƙe su har su girma, tare da sharaɗin kada a raba su.

Kafin ka rubuta sunan kowa, ka nemi yardarsa, ka nemi ta matarsa musamman, domin ita ce za ta tashi da asuba ta dama musu koko. Ka shaida wa surukarka da bakinka, tunda ita ce shari'a ta fara ambata. Ka sabunta wa yaran fasfo ɗinsu na Najeriya, ka kuma kawo su hutun bana su kwana biyu a gidan da kake tunanin zaɓa, mu ga yadda za su sake da mutanen gidan.