Zan Iya Yanka Titi Don Kai Ruwa Makarantar Da Ke Tsallaken Gidana?

Tambaya: Ina zaune a Utako, Abuja, kuma ina da rijiyar burtsatse a gida. Akwai makarantar Islamiyya a tsallaken titi da ba ta da ruwa, ina so in ja musu bututu da kuɗina. Mai aikin famfo ya ce a dare ɗaya zai yanka kwaltar ya mayar. Sai na nemi izini kan aikin alheri irin wannan?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri kan wannan niyya. Amma sai ka nemi izini, kuma ina roƙonka ka dakatar da mai famfon nan tun bai ɗauki diga ba.

Ikonka a kan filinka ya ƙare ne a inda takardar mallakarka ta nuna, wato galibi jikin katangarka. Daga nan zuwa katangar makaranta, da lambatu, da gefen masu tafiya a ƙafa, da kwaltar kanta, duk hurumin hanya ne na gwamnati. A cikin birnin Abuja kula da shi yana hannun Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, FCDA, wadda aka kafa a 1976, da sashen kula da tsarin gine-gine na hukumar birnin. Ko manyan kamfanonin sadarwa ba sa haƙa sai da takarda da biyan kuɗi. A 2013 an tsayar musu da naira 145 a kan kowace mita ta wayar intanet a matsayin kuɗin bai-ɗaya na ƙasa.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne, abin da ke kwance a ƙarƙashin titin ne. Unguwannin da aka shimfiɗa bisa tsarin birnin na 1979 an binne musu kayan aiki tun kafin a gina gidaje: bututun ruwan sha da ke zuwa daga madatsar Usuma, bututun bahaya da ke gangarawa matatar Wupa, wayoyin lantarki, da na sadarwa. Lebura da ke sara cikin duhu ba ya ganin ko ɗaya. In ya taɓa wayar wuta, ransa ne a kai. In ya fasa bututun bahaya kusa da na ruwa, ƙazanta na iya shiga ruwan da yaran nan za su sha. In kuma wayar sadarwa ya tsinka, ka sani a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Duk ɓarnar da aka yi, wanda ya sa aikin za a nema.

Sai ita kwaltar. Titi hawa-hawa ake gina shi: jar ƙasa da aka danne da inji, tsakuwa, sannan kwalta a sama ta hana ruwa shiga. Wanda ya yanka ya mayar da ƙasa da shebur bai danne ta yadda take ba. Damina na sauka ruwa zai bi tsagar, ƙasa ta zauna, rami ya buɗe daidai inda yara ke tsallakawa. Shi ya sa injiniyoyi suka fi son a huda ta ƙarƙashi: a haƙa rami a kowane gefe, a tura babban bututu mai ƙarfi daga wannan zuwa wancan, a zura na ruwan a cikinsa. Ya fi tsada, amma ba a taɓa kwalta ba, kuma ranar da bututun ya lalace zaro shi kawai za a yi.

Ka rubuta takardar neman izini zuwa sashen injiniya na FCDA, ka haɗa da kwafin takardar filinka, da zanen injiniya mai rajista da ke nuna inda bututun zai bi, zurfinsa da girmansa, da wasiƙar amincewar makarantar. Ka nemi a zo a duba wurin a nuna maka abin da ke binne. Kuɗin da aka yanka maka ka biya a asusun gwamnati ka karɓi rasit; wanda ya ce ka ba shi a hannu “ya rufe ido” ba zai tsaya maka ba ranar da aka zo tono bututun.

Kafin ka kashe ko sisi, ka sa hukumar makarantar ta tambayi Hukumar Ruwa ta Abuja ko babban bututunta ya bi ta gefensu. In ya bi, biya musu kuɗin jona ruwa da mita zai iya fi maka sauƙi, ba tare da an tsallaka titi ba.