Gini ya tsaya a linta, ajin Jamusanci na jira

Wani ɗan'uwa da ke aikin loda kaya a sito a Jamus ya rubuto mana. Shekararsa huɗu a can. Ginin da yake yi a gida ya kai linta, kuɗin da aka ce za su isa sun ƙare tuni, ƙaninsa kullum waya a turo na rufi. Don ya samu na turawa, ya daina zuwa ajin Jamusanci na yamma, yana karɓar ƙarin awoyi. Ya ce: "Malam, na zuba da yawa a ginin nan, in na tsaya ai na yi asara. Ko in jingine karatun sai na gama?"

Ɗan'uwa, Allah ya sa wa nema albarka. Amma maganar "na zuba da yawa" cire ta daga lissafi. Bulon da aka ɗora ya ɗoru, ko ka turo gobe ko ka turo baɗi, kuɗinsa ba zai dawo aljihunka ba. Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan kuɗi wanda ya nutse, kuma ba talaka kaɗai yake ruɗa ba. Gwamnatocin Ingila da Faransa sun yi ta narka dukiya a jirgin sama na Concorde bayan ta bayyana ba zai mayar da kuɗinsa ba, don kunyar a ce an fara an fasa. Guda 20 kacal aka ƙera, aka kuma ajiye su a 2003.

Abin dubawa shi ne yammar Talatar nan da kake sito maimakon aji. Taura biyu ba ta taunuwa. Kai kana ganin kuɗin awa uku da ya shigo, abin da ka bari don samunsa ne ba ka gani, tunda ba a rubuta shi a takardar albashi. A ƙa'idar da ta shafi yawancin baƙi a Jamus, takardar zama ta dindindin na bukatar shekara 5 da izinin zama, wata 60 na zubin fansho, da Jamusanci matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshen. Shekaru da watannin suna taruwa da kansu muddin aikinka na kan ƙa'ida. Harshen kuwa ba wanda zai koya maka shi kana barci. Saura shekara guda ka cika sharuɗɗa biyu, na ukun ka jingine shi saboda kwano. (In wani ya kawo maka aikin bayan fage a biya ka a hannu, ka sani laifi ne, kuma ba ya shiga watannin fanshon.)

Ɗauko takardar albashinka ta wata biyu, wanda ka yi ƙarin awoyi da wanda ba ka yi ba. Duba abin da ya rage bayan haraji, ka raba bambancin da yawan awoyin. Haraji a can hawa-hawa ne, don haka awar ƙarshe sau da yawa ba ta kai ta farko tsoka ba. Wannan ɗan adadin shi ne abin da kake sayar da ajinka a kai. Ni a ganina ka yi araha.

Ban ce a bar gini wa damina ba. Tambayi magini mafi ƙarancin abin da zai hana aikin lalacewa, ka biya wannan, sauran ya jira. Ka kuma rage turawa gutsi-gutsi, musamman in hanyar da kake bi tana cirar la'ada a kowane aike. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa aika dala 200 na cin wajen kashi 6 cikin ɗari, zuwa Afirka kudu da Sahara ma ya fi haka.

Mai wuyar ita ce wayar ƙanin naka, na sani. Kada ka ce masa babu, zai ɗauka rowa ce. Faɗa masa watan jarrabawarka ta Jamusanci, da abin da za ka iya turowa kafin nan, da ranar da za a koma kan rufi. In mahaifiya na da rai, fara yi mata bayanin kafin shi.